Sunan da Goggo Dudu Ba Ta Faɗa

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi da daɗi a ɗakin malamai ba. Wannan ta ce, "Malama Mairo, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" Wancan ya ce in ba shi labarin sojoji. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa tsakanin darasi da darasi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa. Amma ku sani tun yanzu, ni ba yawon buɗe ido na je ba, rabin hanyar ma idona a rufe yake don tsoro.

Abin da ya kai ni shi ne Hamma Buba, ɗan Goggo Dudu yayar babanmu. Fataucin shanu yake yi tsakaninmu da can. Wani bijimi ya fizge igiya ya maka shi a kan dutse, ƙafar hagu ta karye har ƙashi ya fito. Abokan tafiyarsa suka kai shi wajen mai ɗori, aka ɗaure, bayan kwanaki wurin ya fara wari, sai suka ɗauke shi zuwa wani asibitin mishan a ɓangaren Kamaru da ake Turanci. Ranar Juma'a da la'asar saƙon asibitin ya shigo wayar wani ƙanen Goggo, da Turanci. Aka tara dangi a gidanta na Yelwa, nan Jalingo, aka miƙo min wayar, aka zuba min ido.

Na karanta sau biyu. Sun ce ƙafar ta ruɓe, sai an yanke ta daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba dafin zai shiga jini ya kashe shi. Shi kuwa tun yana cikin hayyacinsa ya rantse ba mai taɓa masa ƙafa sai innarsa ta zo ta yarda da bakinta. Yanzu zazzaɓi ya rufe shi, ba ya gane kowa. Suna so uwar ta zo maza, tare da wanda ke jin Turanci.

Na ɗago kai na ga Goggo tana kallona. Na ce, "Aiki za a yi masa a ƙafar, suna so ki zo ki sa hannu." Kalmar yankewa na haɗiye ta. Nan take dangi suka ce ai magana ta ƙare, ga Malama, Baturiyar gida, ita za ta raka ta.

To a nan sai na tona wa kaina asiri. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Kachalla Sembe, kuma a kan allo ba wanda zai kama ni da kuskure. Akwai darasin 'yan aji biyu da na fi ji da shi, na yadda ake ɗora in charge a bayan suna. Sai in rubuta the man in charge, wato mutumin da abin ke hannunsa. In ce musu suna ne ke shiga gaba, ita kuma ta biyo shi kamar maraƙi da uwarsa, kuma in kana son faɗin abin da ke hannun nasa sai ka ƙara of ka kawo shi, the nurse in charge of the ward. Duk wanda ya juya min ita ya sa sunan a ƙarshe, ranar shi zai share aji. Sai dai duk wannan bayanin da Hausa nake yin sa. Ban taɓa tsayawa gaban wanda ba ya jin Hausa na yi Turanci na minti biyar a jere ba. Ranar da masu duba makarantu suka shigo ajina, harshena nauyi ya yi, na juya musu baya na cika allo da rubutu har suka gaji suka fita.

Ita kuma Goggo tana da nata. Hamma Buba ɗan farinta ne, kuma a irin tarbiyyar da aka yi mata uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Shekararsa talatin da shida bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Maƙwabcinsu mai shago da ake kira Buba ma "mai sunan wancan" ne. Da aka gaya mata labarin karayar, abin da ta fara tambaya shi ne ko shanun sun tsira. Amma da safe da take haɗa kaya na ga ta naɗe takalmansa na Sallah a zani ta tura ƙasan jaka. Ta ce, "Ya sa in zai dawo, wancan ba ya lura da kansa." Na juya na shiga banɗaki na yi kukana.

Asabar da sassafe muka hau mota a tasha. Kafin mu wuce Sunkani Goggo ta san sunan kowa a motar, da garinsu, da abin da ya fito da su. Fillanci ne yarenta, Hausarta ta tsinta-tsinta ce, mace namiji duk ɗaya ne a wurinta, amma ba ta taɓa jin kunyar buɗe baki ba. Ta ce wa direba, "Kai, wannan motar naka ya girme ni, ka bi shi a hankali." Ni kuwa na dunƙule a gefen taga ina jera jimlolin da zan gaya wa likita, ina gyarawa, ina sake jerawa. A Bali taya ta yi faci muka ɓata awa guda. A Serti muka yi sallah, Goggo ta sayi gasasshiyar masara ta tura min, ta ce tun Jalingo nake motsa baki kamar mai jan carbi, in ci wani abu.

Daga nan aka fara hawan dutsen Mambilla. Ku da kuke ce min wurin akwai kyau, ku je ku gani ku ba ni labari. Kwana ake sha a kan kwana, hagu dutse, dama rami wanda ba a ganin ƙarshensa, ga hazo ya sauko har direba ya fito da kai ta taga yana leƙen hanya. A wata kwana motar ta tsaya cak, ta fara ja da baya. Wata mata ta ƙwalla salati, wani ɗan kasuwa ya buɗe ƙofa zai dira. Maza suka fita da gudu suka cusa duwatsu a bayan tayoyi. Na riƙe hannun Goggo har sai da ta ce zan karya mata yatsa, mu je asibitin da karaya biyu.

Bayan magariba muka shiga Gembu. Mun sauka gidan wata Hajiya mai sayar da abinci, 'yar garin su Goggo. Sanyin garin ba irin namu ba ne, ruwan alwala sai an ɗora a wuta, kuma maza da mata kowa da rigar sanyi da takalmin roba har gwiwa. Ta kawo mana tuwon masara da miyar ganye da piya manya-manya, 'ya'yan itacen nan masu maiƙo kamar man shanu, waɗanda a Jalingo sai mai hali, a can kuwa a ƙasa suke zube. Muna ci ta ce, "Gobe Lahadi ko? To ku yi sammako. A can ɗin ranar Litinin ba mai fita, ba mota ba mashin, kasuwa a rufe. In ba ku isa gobe ba sai Talata." Ta rage murya ta ƙara da cewa yankin ba lafiya, ana faɗa tsakanin sojoji da 'yan tawaye, shi ya kawo dokar zaman gida ranar Litinin, kuma namiji mai rauni a ƙafa abin zargi ne, don haka mu iya bakinmu a kan iyaka. Saƙon asibiti bai ce Hamma Buba zai kai Talata ba.

Da asuba Hajiya ta haɗa mu da wasu dattawa biyu masu mashin da suka san hanya. Sai da aka fara tsallake kogi a kwalekwale, mu da mashinan gaba ɗaya, ruwa yana taɓa bakin katako. Ni da ban iya iyo ba na karanta duk abin da na haddace. Daga nan laka ce da gangara har wajen azahar. Sau biyu muna faɗuwa da mai mashin ɗina, na biyun a cikin kwatami, na tashi rabin jikina ja wur. Goggo ta dube ni daga kan nata mashin ɗin ta ce yanzu dai na yi kama da 'yan garin.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsare mu ba, an ga tsohuwa, an ji asibiti, aka ce Allah ya ba shi lafiya. Can gaba kaɗan sai ga gora a gicciye a hanya, da wata rumfar kwano, da mutum huɗu masu bindiga. Aka kora masu mashin ɗinmu can nesa gindin wata bishiya. Wani dogo mai jajayen idanu ya karɓi katunanmu, ya yi mana Faransanci, ya ga ba mu motsa ba, ya koma Turanci. Ba Hausa, ba Fillanci. Na miƙa masa wayar da aka haɗo mu da ita, mai saƙon asibiti. Ya karanta, ya kife wayar a ƙirjinsa, ya nuna Goggo da haɓa.

Ya ce, in ita ce uwar, ta faɗi sunan ɗan nata.

Na juya na ce, "Goggo, sunan Hamma yake tambaya."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke ki gaya masa mana."

Na buɗe baki zan faɗa, ya daka min tsawa, ya ce ba ni ya tambaya ba, ni ai na karanta a waya. Ya sake tambayarta da ƙarfi. Goggo ta kafa wa ƙasa ido.

"Goggo, don girman Allah, sau ɗaya kawai."

"A gaban maza? Ke Mairo, kanka ɗaya kuwa?"

Dogon ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce wa 'yan uwansa ga uwar da ba ta san sunan ɗanta ba. Ya ce sun san irinmu, ana ɗauko tsohuwa a yi hayarta don a je a fito da mai raunin harsashi. Ya jefa katunanmu da wayar cikin aljihun tebur, ya nuna mana wani benci a bayan rumfar, ya ce mu zauna sai mota ta zo ta kai mu inda za a bincike mu. Ɗayansu ya zazzage jakar Goggo a ƙasa, takalman Sallah suka faɗo cikin laka.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba. Fitsari ya cika min mara, ina kallon inuwar rumfar tana tsawo. Duk jimlolin da na jera tun daga Sunkani sun gudu, ko ɗaya ban samu ba. Kuma haushin Goggo ya kama ni, har na ji kamar in girgiza ta. Ɗanki yana can yana mutuwa, ke kina nan kina kunya! Da na juya in gaya mata haka, sai na ga ta ɗauki takalman tana goge lakar da bakin mayafinta. Leɓɓanta suna motsi, tana ƙoƙari, abin ne ya ƙi fita. Na san wannan ciwon, don irinsa ne ya kama ni a gaban masu duba makarantu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na isa gaban teburin, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne abin da na fi rubutawa a allo a duniya.

"I want to see the man in charge."

Da muryar aji na faɗe ta, wadda nake tsayar da 'yan bayan aji da ita. Dogon ya buɗe baki, amma kafin ya yi magana wani mai furfura da ke zaune a gefe yana cin gyaɗa, wanda na ɗauka baƙo ne, ya kakkaɓe hannunsa ya ce shi ne, me ya faru?

Na yi Turanci. Kada ku tambaye ni irinsa, don da ɗalibina ne ya yi shi da ya share aji har da tsakar makaranta. Na ce masa wannan matar ta san sunan ɗanta fiye da yadda ta san nata, ita ta ɗauki cikinsa, amma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce da girmamawa, ba rashin so ba. Na ce shekara talatin da shida ba ta faɗa ba, ba za ta iya farawa yau a gaban bindiga ba. Na ce ya tambaye ta komai ban da wannan. Na ce ƙafarsa za a yanke, ita ba ta ma sani ba, ga takalmansa nan ta kawo masa guda biyu.

Mai furfurar ya daɗe yana kallon Goggo. Sai ya ce a garinsu ma kakarsa har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Ya ce in tambaye ta wata alama a jikin ɗan. Goggo ba ta ko yi tunani ba, ta ce akwai tabon ƙuna a bayan kunnensa na dama, garwashi ne ya taɓa shi yana rarrafe, kuma ɗan yatsansa na hagu a lanƙwashe yake. Ya sa dogon ya fito da wayarmu, ya ɗauki tasa ya kira lambar da ke cikin saƙon. Muka tsaya kamar minti goma ana zuwa dubawa. Da aka dawo masa da amsa, ya buɗe aljihun tebur da kansa ya miƙo mana kayanmu, ya ce mu yi sauri, rana tana tafiya.

Gab da magariba muka isa. Asibitin a kan tudu yake, tsaf-tsaf, kuma a can dangi masu jinya ne ke dafa wa marar lafiya abinci, a wani dogon madafi a bayan ɗakuna, kowa da murhunsa. Matan wurin da ba su san mu ba suka matsa mana wuri, wata ta ba mu tukunya, wata ta gutsuro mana burodin nan da kuke tambaya. E, ya kai tsawon hannu, kuma ɓawonsa yana iya fasa dasashi.

Hamma Buba ya rame har na kusa wuce gadonsa. Warin ƙafar kuwa tun daga ƙofa. Goggo ta tsaya daga nesa, ta dube shi sau ɗaya, ta kau da kai ta ce ɗakin akwai sanyi. Likitar, wata mace gajeriya mai tabarau, ta kira mu ofis ta yi bayani a hankali, na gane kowace kalma. Ta ce in gaya wa mama. Na juya, kuma wallahi Turancin kan iyaka ya fi min sauƙi a kan Hausar da zan yi yanzu.

"Goggo, ƙafar... ba gyara ta za a yi ba."

"Yankewa ne," in ji ta. "Na sani tun Yelwa. Na ga fuskarka da kika karanta waya."

"To takalman fa?"

"Na ce ko Allah zai sa ke ce ba ki iya karatu ba."

Ta miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada, ta dangwala a takardar.

Litinin da safe aka shiga da shi. Garin tsit kamar yadda Hajiya ta faɗa, ko kukan mashin babu. Wajen azahar aka fito da shi, aka ce aiki ya yi kyau, saura ya farfaɗo. La'asar ta yi bai motsa ba. Na ga wata nas tana yawan duba agogo tana taɓa wuyansa. Ta ce ya zubar da jini da yawa, mu riƙa kiran sunansa, wani lokaci muryar gida tana jawo su. Na sunkuya na yi ta kira, Hamma Buba, Hamma Buba, har maƙogwarona ya bushe. Ko gezau. Nas ta ce mama ta gwada, muryar uwa daban ce.

Na fassara wa Goggo, ban sa rai da komai ba. Can ta miƙo min buta ta ce in je in ɗebo mata ruwa, ta kuma yi wa nas ɗin alama da hannu ita ma ta fita. Na fita, amma ban wuce bayan labule ba, kuma ban ji kunyar laɓewar ba.

Na ji ta ja kujera. Na ji ta yi gyaran murya sau biyu. Sannan a hankali, da wata murya da ban san tana da ita ba, ta ce, "Buba." Ta sake cewa, "Buba am. Buba na."

Ta kira ya kai sau bakwai. Sai na ji gadon ya motsa, na leƙa. Idonsa a buɗe, yana kallonta a firgice, ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce da Fillanci, "Inna, moy maayi?" Wato, wa ya rasu? Shi a saninsa, in dai har sunansa ya fito daga bakin nan, to wani babban abu ya faɗa wa gidansu.

Ta ce, "Ba kowa." Ta ɗora tafin hannunta a goshinsa ta bar shi a wurin. Ni kuwa na zauna a ƙasan baranda da butar a hannu, na yi kukan da nake ta tarawa tun da muka baro tasha.

Sati uku muka yi kafin aka sallame shi. Dawowar ba ta da labari, sai dai wahalar ɗora mai sanda a kan mashin, kuma mai furfurar nan na kan iyaka ya gane mu, ya ɗaga mana gora da kansa. Da muka sauka a Yelwa gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Mai shago ya leƙo ya ce, "Goggo, ya jikin Buba?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Wancan? Yana ciki, ya ji sauƙi."

Don haka in kun je gaishe ta, kada wanda ya nuna ya karanta wannan takardar, ni za ta ci wa mutunci. Takalmin dama ta ba shi, shi yake sawa yanzu. Na hagun yana ƙasan akwatinta a naɗe cikin zani, na gan shi ranar da ta aike ni in ɗauko mata turare.